Ku Tambayi Lauya: Tsakanin Wali, Tarayya da Alƙali, Wa Ke da Ta Cewa?

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga dastur, wato kundin tsarin mulki, da iyakar ikon hukuma a kan ɗan ƙasa. Lauyoyin wannan fili sun zaɓi shida sun amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Sinnar. Malaminmu ya ce alƙali yana iya soke dokar da majalisa ta yi. Yaya mutumin da ba a zaɓa ba zai rushe aikin waɗanda jama'a suka zaɓa? Kuma an taɓa yin haka a Sudan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan samari. Malaminku bai yi kuskure ba. Majalisa ba ita ta haifi kanta ba, dastur ne ya kafa ta, ya ce mata ga abin da za ki yi, ga inda za ki tsaya. Idan ta yi doka ta ƙetare wannan iyaka, alƙalin da aka kawo wa ƙara yana da takardu biyu a gabansa masu karo da juna, kuma dole ya yi hukunci da ɗaya. Idan ya bi dokar ya bar dastur, to majalisa ta canja dastur ke nan ta bayan gida, ba tare da bin hanya mai wuya da aka shimfiɗa domin gyara shi ba.

Shari'ar da ake kafa hujja da ita an yi ta a Amurka a 1803. Shugaba John Adams, a kwanakinsa na ƙarshe a mulki, ya naɗa William Marbury ƙaramin alƙali, amma takardar naɗin ba ta kai hannunsa ba. Sabuwar gwamnatin Thomas Jefferson ta riƙe ta. Marbury ya wuce kai tsaye Kotun Ƙoli, yana dogara da wata dokar 1789 da ta ba shi wannan dama. Alƙalin alƙalai John Marshall ya ce Marbury yana da gaskiya, sai dai sashen dokar da ya kawo shi ya ba kotun hurumin da dastur bai ba ta ba, saboda haka sashen ɓatacce ne. Dubi dabarar: kotu ta hana kanta ƙaramin iko, ta kafa babba, kuma ba ta umarci gwamnati da komai ba balle gwamnati ta ƙi bi.

Yau hanya biyu ake bi. A Amurka da Najeriya kotunan yau da kullum ke duba wannan batu, a yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli. Ostiriya kuwa a 1920 ta ware kotu guda domin dastur kaɗai, daga baya Jamus da Masar suka bi wannan layi. Sudan ta fara da hanyar farko, dastur na 1998 ya mayar da ita ta biyu. Na 2005 ya ce Kotun Dastur alƙalai tara ne, wa'adinsu shekara bakwai.

An taɓa yi a nan, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san labarin. A ƙarshen 1965 majalisa ta gyara dastur ta haramta Jam'iyyar Kwaminisanci, ta kori wakilanta daga zauren. Suka kai ƙara. A Disambar 1966 mai shari'a Salah Hassan na Babbar Kotu ya yanke cewa abin da aka yi ya saɓa wa dastur. Gwamnatin Sadiƙ al-Mahadi ta ce hukuncin bayani ne kawai, bai wajabta mata komai ba. Alƙalin alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki a 1967 saboda wannan. A 1969, da Numairi ya yi juyin mulki, Babikir ɗin ne ya zama firayim minista. Ba sai kana ƙaunar waccan jam'iyya ba kafin ka ga ɓarnar: farar hula ne suka fara nuna cewa ana iya take hukuncin kotu a kwana lafiya. A Najeriya ma, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan gwamnatin soja a shari'ar Lakanmi a 1970, sojoji suka fito da Dokar Soja mai lamba 28 suka shafe shi.

Kada kuma ka ɗauka alƙali ba ya ɓata. Karo na biyu da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya shi ne a shari'ar Dred Scott ta 1857, inda ta ce baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Sai da aka yi yaƙin basasa aka gyara dastur kafin wannan hukunci ya mutu. Tambayarka ta farko tana nan da ranta, malaman shari'a ba su gama gardama a kanta ba.

Tambaya: Ina sayen riɗi da dawa a Gadarif ina kai wa Bur Sudan. Kowace wilaya, wato jiha, da na shiga, wani lokaci kowace mahalliya, wato ƙaramar hukuma, sai an tsayar da mota an karɓi kuɗi. Wilaya tana da wannan iko, ko na tarayya ne?

Amsa: Alhaji, kukanka na 'yan kasuwa da yawa ne. Bari mu fara da rabon ikon kansa. An ayyana tsarin tarayya a Sudan a 1991 da wilaya 9, aka mayar da su 26 a 1994, yanzu 18 ne. Dastur na 2005 shi ya fi fayyace rabon, a jadawalin da ke ƙarshensa. Tsaron ƙasa, harkokin waje, jinsiya (wato zama ɗan ƙasa), fasfo, kuɗin ƙasa da kwastan na tarayya ne. Ƙananan hukumomi, filayen wilaya, makarantun firamare da sakandare da dokokin gargajiya na wilaya ne. Akwai kuma na haɗaka, kamar ilimi mai zurfi da manufofin lafiya.

Idan dokar wilaya da ta tarayya suka yi karo a kan abin haɗaka fa? A Najeriya amsar a taƙaice take: sashe na 4(5) na kundin 1999 ya ce ta tarayya ke rinjaye. Na 2005 a nan bai ce haka ba. Cewa ya yi dokar da ta fi magance matsalar ita ke rinjaye, a duba haɗin kan ƙasa, da buƙatar mizani ɗaya, da barin abu a hannun hukumar da ta fi kusa da jama'a, da haƙƙin mutane. Magana ce mai daɗin karatu, amma ba ta aiki sai da kotun da za ta auna. Wa'adin alƙalan Kotun Dastur ya ƙare a Janairun 2020, aka shafe fiye da shekara biyar babu kotun, domin majalisar shari'a da takardar dastur ta riƙon ƙwarya ta 2019 ta ɗora wa alhakin zaɓen alƙalan ita ma ba a kafa ta ba.

A kan batunka kai tsaye, sashe na 206 na dastur na 2005 ya ce ciniki tsakanin wilayoyi a sake yake, ba a ɗora masa haraji ko wani kuɗi. Takardar 2019 ta soke wancan dastur, amma ta bar dokokin da aka yi a ƙarƙashinsa suna aiki, ta kuma ce rabon iko ya ci gaba yadda yake har a sake duba shi. Saboda haka lauyanka yana da abin riƙewa. Wilaya tana iya karɓar kuɗin kasuwar amfanin gona inda ka sayi kayan, ko kuɗin wata hidima da ta yi maka. Kuɗi don kawai motarka ta ratsa ƙasarta wani abu ne daban.

Abin da ke kashe irin wannan ƙara kusan kullum rashin takarda ne. Duk inda aka karɓi kuɗi, nemi rasit na gwamnati, Urnik 15, ka duba ko an rubuta sunan hukumar, da nau'in kuɗin, da kwanan wata, da lambar mota. Ɗan guntun kati mai hatimin wani kwamiti ba rasit ba ne, amma shi ma ajiye shi, domin shaida ce cewa an karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Sa direba ya riƙa rubuta wurin da lokacin. Sannan a tambayi hukumar a rubuce: wace doka ta kafa wannan kuɗi?

Amsarsu ce za ta nuna maka ƙofa. Idan babu doka, umarnin wani jami'i ne ko shugaban mahalliya, to ƙarar gudanarwa ce a ƙarƙashin Dokar Shari'ar Gudanarwa ta 2005. Ka fara kai koke ga hukumar ko wadda ke samanta, ka karɓi shaidar cewa sun karɓa. Idan suka ƙi, ko suka yi shiru har wa'adinsu ya wuce, sai kotu. Wa'adin shigar da ƙara kwana 60 ne, kuma alƙali zai kore ta idan ta makara ko da gaskiyarka ta fi rana fitowa. Hukuncin shugaban ƙasa ko majalisar ministoci ko ministan tarayya ana kai shi gaban alƙalin Kotun Ƙoli, na wilaya da mahalliya kuwa gaban alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara. Dalilan da ake karɓa huɗu ne: wanda ya yanke ba shi da hurumi, ko bai bi ƙa'idar yankewa ba, ko ya saɓa wa doka, ko ya yi amfani da ikonsa don wata manufa daban. "An cuce ni" ba ya cikin huɗun, dole lauya ya zuba cutar a ɗaya daga cikinsu. Kuma shigar da ƙara ba ya tsayar da karɓar kuɗin, sai an roƙi kotu daban ta dakatar.

Idan kuwa akwai dokar wilaya da ta kafa kuɗin, alƙalin gudanarwa ba zai soke doka ba. Wannan aikin Kotun Dastur ne, kuma ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Ku shiga a ƙungiyance, 'yan kasuwa da masu motoci, amma a sa sunan waɗanda suka biya da rasit ɗinsu, domin kotu ba ta sauraron wanda abin bai taɓa shi ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kasala. Ina ganin gara a bar wa wilaya komai, tunda wali, wato gwamnan wilaya, ya fi masu mulki a Khartum sanin halinmu. Ba haka ne zai fi kare haƙƙinmu ba?

Amsa: Malama, a kan rijiya da asibiti da makaranta muna tare da ke. A kan haƙƙi kuwa tarihi bai goyi bayanki ba. Kusanci yana kawo sani, yana kuma kawo son kai, domin mai rinjaye a wilaya ya san ainihin wanda yake so ya danne.

A Amurka haƙƙoƙin da aka rubuta a 1791 gwamnatin tarayya kaɗai suka ɗaure, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 1833. Sai gyara na 14 a 1868 ya hana jihohi tauye wa kowa daidaito a gaban doka. Duk da haka a 1896 kotun ta yarda jihohi su raba farare da baƙaƙe, sai a 1954 ta juya ta haramta wariya a makarantun gwamnati. A 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarun jiha suka tare ƙofar wata sakandare a Little Rock don hana yara baƙaƙe tara shiga. Shugaba Eisenhower ya aika sojojin tarayya suka raka su aji. Dokar nan da hukuncin kotu duk suna nan tun kafin ranar, abin da ya buɗe ƙofar shi ne an sami mai ikon da ya yarda ya zartar.

A nan gida, Dokar Nizamul Am, wato ta tsarin zaman jama'a, da ta addabi masu sayar da shayi da abinci a Khartum dokar wilaya ce, ba a soke ta ba sai a Nuwambar 2019. A Satumbar 2000 walin Khartum ya hana mata aiki a gidajen mai da otal da gidajen abinci, Kotun Dastur ta dakatar da umarnin.

Amma ba kullum tarayya ce mai ceto ba. A 2023 jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka kai gwamnatin tarayyar Najeriya Kotun Ƙoli a kan canjin kuɗi. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce tsofaffin takardun naira su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, babban banki bai bi ba sai bayan kwana goma. Amfanin tsarin shi ne kowane ɓangare yana da inda zai kai ƙarar ɗayan.

Tambaya: Ni 'yar Mai Wurno ce, iyayena da kakannina duk a nan aka haife su. Mijina ɗan Nijar ne, ya rasu. Na je nemar wa 'ya'yana lambar ƙasa, wani ma'aikaci ya ce 'ya'ya uba suke bi, har ni ma sai na kawo shaidar asalina. Haka doka ta ce?

Amsa: Allah Ya ji ƙansa, Hajiya, Ya raya abin da ya bari. Ba haka doka ta ce ba. Sashe na 7 na dastur na 2005 ya ce duk wanda uwa ko uba ɗan Sudan ya haifa yana da haƙƙin jinsiya da ba a ƙwace shi, takardar 2019 ta maimaita wannan. Dokar Jinsiya ta 1994, bayan gyaran 2005, ta ce ɗan da uwarsa 'yar Sudan ce ta haihuwa ya cancanci jinsiya idan ya nema. Bambancin da ya rage shi ne ta wajen uba tana zuwa kai tsaye, ta wajen uwa sai an rubuta buƙata. Saboda haka matakin farko shi ne neman jinsiyar yaran ta wajenki, lambar ƙasa ta biyo baya.

Maganar asali tsohon ciwo ne. Dokokin 1948 da 1957 sun ce ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disambar 1897. Jama'ar da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi suka taso, a 1903. Kin ga wannan rana ta bar su a waje, su da dubban alhazan da suka zauna suka yi noma a Jazira da Gadarif. Daga baya an matso da ranar zuwa 1924, dokar da ke aiki yanzu kuma ta tsaya a 1 ga Janairun 1956, ta kuma karɓi wanda shi ko mahaifinsa aka haifa a Sudan. Doka ta canja, wasu ma'aikata ne ba su canja ba.

Ki tafi da takardar jinsiyarki ko lambarki ta ƙasa, da ta mahaifinki ko ta ɗan'uwanki ko baffanki, da takardar haihuwar kowane yaro ko ta ƙiyasin shekaru, da takardar aure, da ta rasuwar maigida. Ki duba sunaye da kyau: idan an rubuta sunan kakanki iri biyu a takardu biyu, a gyara kafin ki miƙa, domin nan fayil ke maƙalewa. Takardar umda ko shehun unguwa tana taimakawa a matsayin shaida, amma jinsiya ikon tarayya ce. Umda ba ya ba da ita, wali ba ya ƙwace ta, kuma ba ta rataya ga ko ƙabilar mutum tana da sarauta ko ƙasar gado a wilayar. Idan aka ƙi, ki nemi a ba ki ƙin a rubuce. In an hana, ki miƙa buƙatarki a rubuce ki riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata, daga nan hanyar da muka nuna wa Alhaji a sama ta buɗe miki.

Tambaya: An kama ɗana a Damazin da sunan dokar ta-ɓaci. Kwana nawa doka ta yarda a tsare mutum ba a kai shi kotu ba?

Amsa: Baba, Allah Ya fito da shi lafiya. A Dokar Bin Laifuka ta 1991, ɗan sanda yana tsare mutum awa 24 domin bincike. Wakilin niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, yana iya ƙara kwana uku. Bayan haka sai alƙali, mako-mako, kada ya wuce mako biyu. Idan an tuhume shi, babban alƙali yana sabuntawa duk mako biyu har wata shida, abin da ya wuce haka sai da yardar shugaban kotunan yankin.

Dokar Ta-ɓaci ta 1997 tana ba hukuma damar tsarewa a wajen wannan lissafi, kuma walai suna fitar da umarni a ƙarƙashinta. Amma akwai abin da ta-ɓaci ba ta taɓawa ko a dastur na 2005 ko a takardar 2019: rai, da haramcin azabtarwa da bautarwa, da rashin nuna bambanci saboda ƙabila ko addini, da damar kai ƙara, da shari'ar adalci. Abin yi yau shi ne a gano wace hukuma ke riƙe da shi, a wane wuri, da lambar balagi, wato fayil ɗin ƙarar, idan an buɗe. Lauya ya rubuta wa niyaba yana neman ganinsa, da a tuhume shi ko a sake shi ko a ba da belinsa. A rubuta ranar kamu da sunayen waɗanda suka gani tun ba su watse ba. Idan ƙofofin gida duk sun toshe, Sudan tana cikin Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam tun 1986, ana iya kai koke hukumarta da ke Banjul. Tana ɗaukar shekaru, abin da take fitarwa kuma shawara ce ga gwamnati, saboda haka kada a jira ta a bar matsa wa niyaba.

Tambaya: Yaƙi ya kawo ni Jidda daga Wad Madani. A nan akwai Kotun Dastur? Baƙo yana iya ƙarar hukuma?

Amsa: Babu ita, ɗan'uwa, kuma ƙasar ba tarayya ba ce. Yankuna 13 ne, Sarki ke naɗa wa kowanne amir, ba su da majalisar da ke yin dokar kanta. Tsarin Mulki na Asasi na 1992 ya ce dastur ɗin ƙasar shi ne Alƙur'ani da Sunna. Sashe na 47 ya ba ɗan ƙasa da mazauni damar kai ƙara daidai wa daida.

Ƙarar hukuma Diwanul Mazalim ake kai ta, mai hawa uku: kotun gudanarwa, ta ɗaukaka ƙara, da Babbar Kotun Gudanarwa. Tana soke hukuncin ma'aikata idan ya saɓa wa nizami, wato doka, tana kuma yanke diyya, amma ba ta shiga abin da aka ɗauka ikon mulki ne na ƙasa. A yawancin hukunce-hukunce ana fara koke ga ma'aikatar cikin kwana 60 daga ranar da ka sani, sannan a shigar da ƙara ta manhajar Mu'in. Idan rigimarka da kamfani ce ko mai gidan aikinka a kan albashi, ba nan ba ne: ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago za ka fara, in ba a daidaita cikin kwana 21 na aiki ba a tura fayil ɗin kotun ƙwadago.